Kafinta da Lofen Surukinsa

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe.

Kafinta yana tsaye a rumfarsa ta bayan gida, ruwa na ɗiga a kan wani tebur da bai gama haɗawa ba. Sunansa na yanka ya ɓace tun da daɗewa. A layin kowa Bar-Ni-Da-Shi yake ce masa, don ba a taɓa ta da wata magana a gabansa ba, ta gyaran agogo ce ko ta ciwon haƙori, ya kasa faɗin haka. Masu sauri sukan ce Barni. Yana amsawa.

Matarsa ta shigo da faranti a ka saboda ruwa.

"Baban yara, daga wajen Baba nake. Mai takalman nan ya tashi daga shagon Baba na bakin titi. Baba ya ce ya gaji da baƙi, ɗan gida zai sa. Ko kai, ko mijin ƙanwata."

"Tela?"

"Ƙanne nawa gare ni?"

Barni ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfarsa, ɗigon ruwa ya same shi a ido. Shagon nan ya san shi ciki da bai. Daɓen siminti, ƙofar ƙarfe, wutar lantarki, ga jama'a na wucewa daga safe har yamma. Ya daɗe yana auna shi da ido duk sanda ya bi ta wurin, har ya san inda zai rataye zarto.

"Yaushe zai ba da makullin?"

"In ya dawo daga asibiti. Ƙarshen wata za a yi masa aikin ido."

Barni ya zauna a kan teburin, teburin ya karkace, ya tashi.

"Me Baba ya fi so a duniya?"

"Shiru."

"Bayan shiru."

"Lofensa."

Surukin nasa tsohon direban jirgin ƙasa ne. Tun da ya bar aiki, kullum da yamma yakan fito da benci ƙofar gidansa, dab da shagon, ya zauna da lofe a baki, wato tukunyar shan taba ta katako mai dogon wuya. Ba ya kiran kowa, ba mai zama kusa da shi. Wasu hayaƙin ke korarsu, wasu shirun.

"To an gama," in ji Barni. "Mai lofe maraya ne. Duk wanda ya taya shi hayaƙi, shi ne ɗansa. Tela kuwa ƙirji gare shi, ko turare aka kunna sai ya yi tari. Shago ya zo gida."

"Kai da hayaƙin girki ke sa ka hawaye?"

"Wannan hayaƙin mata ne."

"Ka taɓa sha?"

"Katako ne da rami. Ni kuwa a kan katako na yi furfura."

Matar ta sauke farantin, ta tara shi a ƙarƙashin ɗigon, ta koma ɗaki.

Da ruwa ya tsagaita ya tafi kasuwa, layin masu tsofaffin kaya. A wajen wani dattijo mai sayar da matattun agoguna da tabarau masu ƙafa ɗaya ya sami lofe. Akwai ƙanana, amma ya zaɓi mafi girma, mai koko kamar ludayi. Ya sayi ganyen taba ƙulli guda da ashana.

Dattijon ya ce, "In za ka zuba tabar, kada ka..."

"Malam, kai sayarwa ka iya. Ka tsaya a nan."

Dattijon ya tsaya a nan.

Barni bai ga dalilin koyo a ɓoye ba, tunda a ganinsa ba koyo zai yi ba. Ya wuce kai tsaye wajen Mai Faci, maƙwabcinsu da ke gyaran taya daura da shagon, inda 'yan zaman benci ke taruwa. Ya zauna a tsakiya, ya harɗe ƙafa, ya fito da lofen yana juya shi don kowa ya gani.

Mai Faci ya ɗago daga bahon baƙin ruwan da yake tsoma tayoyi. "Barni, sabuwar guduma ka yi?"

"Kai dai san iska. Wannan kayan manya ne."

Ya cika kokon da taba, ya danna da babban yatsa. Ya ƙara, ya danna. Ya ciro ƙusa daga aljihu, ya juya kanta ya bi ya daddanne. Da ya ga har yanzu da sauran wuri, ya ari ƙaramar gudumar Mai Faci ya ɗan bubbuga.

"Abin da bai matse ba ba ya ƙarko," ya ce wa jama'a.

Ya ƙyasta ashana, ya kara, ya zuƙa. Kumatunsa suka lotsa. Ya sake zuƙa, jijiyar wuyansa ta miƙe, idanunsa suka firfito. Hayaƙi ko na rantsuwa babu. Ashanar ta cinye har ta lashi yatsansa.

"In iska kake nema, ga famfo," in ji Mai Faci.

"Sabon lofe haka yake. Sai ya san mai shi."

"Wannan ai ya girme ka."

Barni ya soka ƙusar a tsakiyar tabar har ƙasa, ya yi mata hanya. Ya sake kunnawa, ya tattara ƙarfinsa duka ya ja, kamar mai tsotse fetur daga tanki. Wannan karon hanya ta buɗe. Hayaƙi da toka da ɗan garwashi suka taho tare, suka sauka a kan harshensa. Da yake jama'a na kallo, bai tofar ba. Ya haɗiye.

Ya yi ta ja yana haɗiyewa. Can ya ga titi ya ɗan jirkice. Ya ga Mai Faci ya zama biyu, kuma ɗaya bai fi ɗaya kyau ba. Gumi ya karyo masa. A hankali ya zame ya kwanta a kan bencin, 'yan zama suka matsa masa.

"Lafiya?" in ji wani.

"Tunani nake. Masu lofe haka suke."

Jim kaɗan Mai Faci ya dubi ƙasa ya ce, "Tunanin naka ya zubo a kan takalmina."

Mutum biyu suka raka shi gida, ɗaya ta kowace hammata. A bakin ƙofa ya ce musu tabar ce ba ta da kyau, an cakuɗa ta da ganyen banza, ya gane tun daga warinta.

Harshen nan ya kumbura ya yi fari. Abinci in ba mai sanyi ba ba ya shiga. Magana kuma sai da ƙyar. Gidan ya yi tsit irin wanda ba a taɓa ji ba tun da aka yi auren. Yara suka riƙa leƙowa su ga ko ubansu ya yi tafiya.

Matar ta ce, "Wa ya sayar maka da tabar nan?"

Ya yi mata nuni da hannu wajen kasuwa.

"Allah Ya yi masa albarka."

Da harshen ya saɓe ya warke, ya ɗauki lofe da yamma ya nufi ƙofar gidan surukinsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin ba a ce ya zauna ba. Ya fito da lofen.

Tsohon ya dubi lofen, ya dubi Barni, ya mai da ido kan titi.

"Baba, ashe hanyarmu ɗaya. Na daɗe ina sha, kunyarka ce ta sa nake ɓoyewa."

"Uhm."

Tsohon ya ɗebi taba da yatsu biyu ya yaryaɗa a kokon lofensa, ya taɓa ta sama-sama kamar mai gudun kada ta farka. Ashana ɗaya ya ƙyasta. Hayaƙi ya taso siriri, ya miƙe, yana tafiya ba gaggawa. Yakan daɗe kafin ya sake ja, amma wutar ba ta mutuwa.

Na Barni kuwa kunnawa yake yana mutuwa, don da ya ja sau biyu sai ya cire ya yi magana. Ya yi maganar tsadar katako. Ya yi maganar yadda ƙarar keken ɗinki ke tsattsaga bango in an daɗe. Ya ce shi ba ya zagin kowa, amma akwai sana'ar da ko a kan gado aka yi ta ta yiwu. Tsinken ashana ya taru a gabansa kamar an share ɗakin girki. Yawu kuma ya gangara cikin wuyan lofen, ya fara ƙara in ya ja.

Tsohon ya karkata kunne.

"Kwaɗo?"

"Lofena ne, Baba. Irin na waje ne, haka suke kuka."

"A hankali," in ji tsohon. Iyakar shawarar da ya ba shi ke nan a ranar.

Ana haka Tela ya zo wucewa da tef ɗin awo rataye a wuya. Siriri ne, ba ya son magana. Ya tsaya daga nesa inda hayaƙi bai kai ba, ya rusuna.

"Baba, barka da yamma. Yaya, sannu da hutawa."

"Matso mana, ƙanena," in ji Barni, ya busa hayaƙi wajensa. "Ko zaman manya ya fi ƙarfinka?"

"Ya fi," in ji Tela. Ya yi tari ya wuce.

Barni ya ji daɗin wannan. Da ya tashi tafiya ya jefa lofen a aljihun riga yadda ya ga manya na yi a hoto, ya yi sallama, ya kama hanya yana taku ɗai-ɗai. Wannan ne karo na farko da lofen ya ƙi mutuwa. Ya kai tsakiyar layi wata mai sayar da gawayi ta ce, "Maigida, kana hayaƙi."

"Na sani. Sha nake."

"Ta aljihu?"

Washegari matarsa ta kai wa Tela rigar. Ya toshe ramin, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma ɗinka masa wani ƙyalle mai kauri a cikin aljihun ba a roƙe shi ba. Barni ya ce wannan neman suna ne.

Haka aka yi ta yi. Kullum yamma yana kan bencin. Ya koyi rage haɗiya, amma bai koyi rage magana ba. Wata rana ya ga tsohon ya gama sha, ya bar lofen ya huce, ya juye tokar a tafin hannu a hankali, ya zura wani siririn ƙyalle ta wuyan ya goge, ya sa shi cikin tsohuwar safa. Barni ya ce shi nasa ba ya son shagwaɓa. Ya kama shi ta wuya ya ƙwala a gefen benci don toka ta fita. Tokar ta fita. Kokon ma ya fita, ya gangara kwata.

Tsohon ya bi shi da kallo har ya tsaya.

"Dama na gaji da shi," in ji Barni.

A ranar ne, da ba shi da abin riƙewa, ya ƙare wa lofen surukinsa kallo. Abin ya ba shi tausayi. Baƙi ƙirin. Bakin duk shatin haƙori. A wuya an naɗe wani tsagu da zare. Cikin kokon kuwa wani baƙin ɓawo ne ya yi kauri ya zagaye, har ramin ya ƙanƙance.

"Baba, wannan dattin na ciki fa?"

"Ba datti ba ne."

"To mene ne?"

"Shi ke tsare katakon daga wuta. Shi ne daɗin. Tun ina kan jirgi yake taruwa. Ba a taɓa shi."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da aka ji daga bakin tsohon a shekarar. Barni ya gyaɗa kai. Da ya koma gida ya ce wa matarsa, "Haka tsofaffi suke. Abin da suka kasa gyarawa sai su ce da gangan ne."

Ƙarshen wata aka kai tsohon asibiti. Likita ya hana hayaƙi har sai ido ya warke, don haka ya ba babbar 'yarsa, matar Barni, ajiyar lofen da hannunsa, cikin safarsa. Ta sa a ƙasan akwatin kayanta, ta rufe. Ta manta wanda ya yi akwatin.

Ta dawo daga kai abinci asibiti ta tarar da mijinta a rumfa, ya matse lofen a tsakanin katako biyu, ya naɗe hannun riga. Mai Faci na zaune a kan wata kujera mai ƙafa uku, ya zo kallo.

"Baban yara, wannan na Baba ne."

"Shi ya sa."

"Ya ce kada a taɓa."

"Ya ce kada a taɓa don bai san yana da kafinta a gida ba. Mutum zai dawo da sabon ido, ya buɗe a kan wannan ƙazanta? Tela rami ya toshe a riga yana ta taƙama. Ni abin da Baba ya fi so zan mayar sabo. Ranar zai ba ni makulli yana hawaye."

"Hawayen kam za a yi," in ji Mai Faci.

Matar ta miƙa hannu. Barni ya riga ya sa kurfi, ƙarfen sassaƙarsa, a cikin kokon. Baƙin ɓawon ya ɓantare ya faɗo ƙasa gutsi-gutsi. Ta tsaya ta dubi gutsattsarin, ta janye hannunta.

"Ni ban gani ba," ta ce. "Ina asibiti."

Aiki ya kankama. Ya kankare cikin har farin katako ya fito, sannan ya ƙara kaɗan don tsohon ya sami wurin zuba taba da yawa. Ya ɗaga shi sama, rana na ɗan ratsowa ta gefe ɗaya.

"Ka ga? Ya yi sauƙi a hannu."

"Ƙwai ma haka yake," in ji Mai Faci.

Ya tafasa ruwa ya jefa lofen da sabulu, ya bar shi ya jiƙu. Ya cuɗe shi da soson ƙarfe. Ya shanya shi a kan kwanon rufi cikin tsakar rana, tsagun wuyan ya buɗe baki. Ya warware tsohon zaren ya yar, ya ɗura gam ɗin haɗa kujera, ya matse. Ya bi shatin haƙoran da samfefa har bakin ya yi sumul ya kuma gajarce. Ya ga hanyar hayaƙin ta yi masa ƙunci, ya tuna wahalar da ya sha, ya sa abin huda katako ya faɗaɗa ta.

"Yanzu ko jariri ya ja."

"Allah Ya tsare jarirai."

Sai aka zo kan abin da Barni ya fi alfahari da shi. Bai taɓa barin aiki ya fita daga hannunsa ba tare da banish ba, man nan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli. Ya buɗe gwangwanin ya tarar ya yi kauri, ya sirka shi da ɗan fetur kamar yadda yake wa ƙofofi in abin sirki ya ƙare. Ya shafa a waje. Ya shafa a wuya. Ya tsoma buroshi ya zagaye cikin kokon.

Mai Faci ya ce, "Har ciki?"

"Ka taɓa ganin na yi kabad na bar cikinsa tsirara?"

"A kabad ba a hura wuta."

"Baba da bakinsa ya ce katakon na son abin da zai tsare shi. Ga shi na ba shi na zamani."

Ya yi shafi na biyu. Da safen ranar da za a sallamo tsohon ya ga ƙyallin bai kai yadda yake so ba, ya yi na uku, mai kauri, har ya ɗan taru a gindin kokon.

Da yamma layin ya cika. An fito da benci da kujeru ƙarƙashin tsohuwar rumfar tampol da ke gaban shagon. Tsohon na zaune a tsakiya, ido ɗaya rufe da auduga, maƙwabta na zuwa yi masa sannu. 'Ya'yansa mata biyu na tsaye a bayansa. Tela na gefe. Kowa ya ga igiyar makulli ta leƙo daga aljihun tsohon, kowa kuma ya yi kamar bai gani ba.

Barni ya iso da sabuwar riga, riƙe da wani ɗan akwati da ya haɗa musamman. Bai zauna ba. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida. Wani in surukinsa na asibiti, lemo yake kai masa." Ya dubi Tela. "Lemo kuwa a sha ne a manta. Ni na zauna na yi tunani, me Baba zai fara gani da sabon idonsa? Baba, ga shi. Ba sai ka gode ba."

Ya buɗe akwatin. Lofen na kwance a kan auduga, ja-ja, yana walƙiya kamar ƙafar gadon amarya.

Tsohon ya ɗauka. Ya juya shi a gaban idonsa mai gani. Yatsunsa suka ɗan manne.

"Na wane ne?"

"Naka ne, Baba."

"Nawa baƙi ne."

"Da."

Tsohon ya leƙa cikin kokon. Ya daɗe yana leƙawa. Ya kai hanci ya sansana.

"Warin kujera yake."

"Warin sabunta ne. Da an ja sau ɗaya zai tafi. Likita ya hana ka, to ni zan buɗe maka shi, ka ga yadda yake aiki."

Matarsa ta ce, "Baban yara." Ta ja ƙanwarta suka matsa baya. Mai Faci ya tashi ba hayaniya ya tsallaka titi wajen bahonsa.

Barni ya karɓi lofen, ya yaryaɗa taba da yatsu biyu yadda ya ga tsohon na yi, don jama'a su ga ya ƙware. Ya sa a baki. Ya ɗaga gira. Ya ƙyasta ashana ɗaya.

Ɗaya ta isa.

Wuta ta yi bup, ta tashi shuɗiya kamar ta risho, tsawon hannu. Ta bi ta waje ta kama wuyan. Da yake an faɗaɗa hanya, wani rabon ya bi ta ciki. Gashin bakin Barni ya tafi ta gefen dama, girar da ya ɗaga ta bi shi. Ya so ya tofar da lofen, banish ya riƙe masa leɓe. Ya fizge shi da hannu yana kaɗawa a iska don wutar ta mutu, wutar ta ji daɗin iskar. Gam ɗin wuya ya narke. Kokon ya rabu da wuyan, ya tashi sama yana ci, jama'a suka bi shi da kallo, ya sauka a kan tampol ɗin shagon.

Tampol ɗin tsoho ne, ya sha rana. Bai yi gardama ba.

Masu sannu suka watse da kujerunsu. Tela ya kama surukinsa ta hannu ya fitar da shi titi yana tari. Barni ya tsaya a ƙarƙashin rumfar da guntun wuyan lofe a hannu yana cewa, "Kowa ya kwantar da hankalinsa, haka yake yi da farko."

Mai Faci ya iso da bahon a ka. Ya dubi rumfar, ya dubi Barni, ya ga duka biyun na hayaƙi, ya raba musu. Baƙin ruwan da aka wanke tayoyin layin duka ya sauko wa Barni daga ka har sabuwar riga. Wasu suka kawo bokitai aka ƙarasa kashe ta sama. Tampol ɗin ya saura rabi, bangon shagon ya yi baƙi har kan ƙofa.

Ruwa na ɗiga.

Mai Faci ya leƙa fuskar Barni ya ce, "An ce garin neman gira akan rasa ido. Kai girar ka rasa, idon na nan. Ka gode Allah."

Wani ya tsinto abin da ya rage na kokon ya kawo wa tsohon. Gawayi ne mai rami. Tsohon ya riƙe shi a tafin hannu, ya shafa da babban yatsa, gefe ɗaya ya rufta.

"Ya koma baƙi, Baba," in ji Barni. "Yadda kake so."

Tsohon bai dube shi ba. Ya zuba gawayin a aljihu, ya ciro makullin.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Kana shan taba?"

"A'a."

"Kana gyara abin da ba a kawo maka ba?"

"Wanda aka kawo ma yana jiran layi."

Tsohon ya miƙa masa makullin. Sannan ya juyo da idonsa ɗaya kan Barni.

"Kai na yi niyyar ba wa. Tun ranar da mai takalma ya tashi. Tela keke ɗaya gare shi, ko a lungu ya zauna. Kai ne ruwa ke dukan katakonka."

Barni ya buɗe baki.

"Na so in faɗa maka a benci," in ji tsohon. "Ban sami wuri ba."

Ya kama hannun ƙaramar 'yarsa, ta shigar da shi gida.

Jama'a suka tsaya suna jiran abin da Barni zai ce, don ba a taɓa watsewa bai ce komai ba. Ya matse gefen rigarsa, ya dubi shagon sama da ƙasa da gira ɗaya.

"Dama hasken wurin bai yi mini ba," ya ce. "Ga bango duk baƙi."

"Zan sa a yi fenti," in ji Tela.

"In za ka yi, ka kira ni."

"A'a, Yaya. Na gode."

Matarsa ta zo ta karɓi guntun wuyan lofen daga hannunsa, ta tasa shi gaba zuwa gida. Da suka kai ƙofa ta ce ya tuɓe rigar a waje.

Washegari da safe hadari ya haɗo. Barni ya aske ragowar gashin bakin don ɓangarorin su daidaita, ya shiga rumfarsa, ya ture teburin da bai gama ba gefe. Ya tono wani guntun katako daga ƙarƙashin tarkace, ya auna shi da yatsu, ya zana da'ira a kansa da fensir.

Matar ta leƙo. "Me kuma za a yi?"

"Baba ba shi da lofe. Wancan dama katakonsa ne ba shi da kyau. Zan sassaƙa masa wanda zai bar wa jikoki."

Ta koma ciki. Can ta fito da bokiti cike da ruwa, ta ajiye a bakin rumfar, ta tafi.

Barni ya dubi bokitin. Ya dubi ƙofar da ta shiga. Ya miƙa ƙafa ya jawo shi kusa da kujerarsa, ya ɗauki kurfi ya fara huda.